Ɗanɗana Min Gishiri

A unguwarmu ta tsohon birnin Fas, in ka ce Kenza mai maɓalli, babu wanda zai tambaye ka wacce. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta haura hamsin, muryarta kuma tana riga ta isa duk inda za ta. Sana'arta ƙulla maɓallan siliki, ƙananan nan da ake jerawa a wuyan jallabiya. Allura ce da zare da haƙuri, sai kuma haske. Gidajenmu kuwa duhu gare su, lungu a matse, rana sai dai ta leƙo tsakar gida ta wuce. Saboda haka a saman soro Kenza ta yi rabin rayuwarta.

Saman soro na mata ne, wannan ko yaron goye ya sani. Namiji yana da kasuwa, yana da masallaci, yana da gidan gahawa inda zai zauna ya gyara duniya da baki. Mace soro gare ta. Can take shanya, can take tsefe kai, can ake miƙa wa juna yisti da labari ta kan katanga. In ta kama dole namiji ya hau, ko don gyaran eriya, sai ya tsaya a matakala ya yi gyaran murya, ya tafa hannu, ya ce, "A ba da hanya!" Sannan ya jira har a ba shi.

A kan sorayen nan Kenza ta girma. Gidan ubanta bai da nisa da na mijinta, kuma tana 'yar yarinya ba ta san amfanin ƙofa ba, katanga take haurawa in an aike ta. Ta auri Si Allal mai sayar da takalman fata don tana son sa, har gobe ba ta musu. Suka haifi biyu: mace tana aure a Maknas, namijin, Jawad, yana aiki a masana'antar motoci a Tanja. Si Allal mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya duka, sai dai ba ya gida. Daga shago sai gahawa, daga gahawa sai barci. Shekara talatin tana yi masa mita ɗaya:

"Gidan nan masauki ka mai da shi, Si Allal. Wallahi mai gahawa ya fi ni sanin fuskarka."

Shi kuma ya ce, "Ke 'yar mutane, in na zauna a gida me zan yi? In taya ki ƙulla maɓalli?"

Wadda ta cike mata wannan giɓi ita ce maƙwabciyarta, Lalla Tamu. Ita ta koya mata sana'ar tun tana amarya, ita ta riƙe mata hannu ranar haihuwar Jawad. Yanzu ta tsufa tukuf, ba miji ba ɗa, ido ya daina ganin kafar allura, gwiwa ta daina sauka ƙasa. Magadan mijinta sun sayar da gidan an mai da shi masaukin 'yan yawon buɗe ido, aka bar mata ɗaki ɗaya a can sama, ƙofarsa na kallon soro. Tsohuwa ce ta mutanen da, tun da aka kai ta ɗakin miji babu baƙon namijin da ya ga fuskarta. Ga kuma girman kai, kai! Gara ta kwana da yunwa da a ce an ba ta sadaka.

Kenza ta san halin kayanta. Kullum da azahar sai ta zuba abinci a kwano ta je bakin katanga.

"Lalla Tamu, harshena ya mutu yau. Zo ki ɗanɗana min gishiri."

Tsohuwa ta jawo ƙafa ta karɓa ta shige ɗaki. Can anjima kwano ya dawo a wanke, da reshen na'ana'a a ciki, ko ƙwayar sukari, ko ɓawon lemo busasshe, domin a wurinmu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ko da kuwa talauci ya kai ka bango. Da kwanon take haɗo hukunci.

"Ya yi kaɗan, 'yata. Wai yaushe za ki iya girki?"

Shekaru suna haka, babu wadda ta taɓa kiran abin da sunansa.

Sai ga korona. Aka rufe kasuwa, aka rufe masallatai, aka rufe gidajen gahawa, aka ce kowa ya shige gidansa, mai fita sai da takardar mai unguwa. Jawad ya samu motar ƙarshe daga Tanja ya iso da jaka ɗaya da kwalin takunkumi. Masu masaukin da ke ƙasan Lalla Tamu suka sa kwaɗo suka watse.

Kada in yi wa Kenza ƙarya, kwanakin farko ta ji daɗi har cikin ranta. Abin da ta yi shekara talatin tana roƙo, ga shi an ba ta. Miji a gida, ɗa a gida. Ta farka ta ji minsharin mutum biyu, ta yi murmushi ita kaɗai. Si Allal ya zauna a gabanta yana ɓare mata wake, yana ba ta labarin yadda ya fara hango ta a bikin ƙanwarsa, labarin da ba ta san yana riƙe da shi ba. Jawad ya kwanta ya ɗora kai a cinyarta, ƙaton gardi da gemu. Rannan har ta ce a zuciyarta, Allah ya yafe mata, cutar nan ba duka ce sharri ba.

Ba a ɗauki lokaci ba ta nemi gafara da gaske. Mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye cokali ba ya wayi gari shi ne sarkin kicin. Ya buɗe wannan tukunya, ya leƙa waccan.

"Kenza, duk wannan man a tukunyar miyar tajin ɗaya?"

"Shekara talatin kana ci, yau ka gan shi?"

"Tambaya na yi."

"To na ba ka amsa. Matsa min, ka tare min wuta."

Jawad kuma ya zama likitan gida. Ya wanke tumatir da sabulu, ya fesa wa gurasa magani har sai da ta ƙwace, ya bi uwarsa da waya yana karanta mata adadin waɗanda suka mutu a Italiya tana tsakiyar murza kuskus. Shayi kuwa ba a sauke buta. Ta dafa, ta wanke, ta share, kafin ta zauna wani ya ce, "Akwai ɗan abin taɓawa?" Tana son su, wallahi tana son su, amma akwai ranar da ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa ta zauna a kan bokiti, ba don komai ba sai don ta ji babu mai kiran sunanta.

Abin da ya rage mata shi ne soro. Shi ma sai suka bi ta can.

Si Allal ne ya fara. Ya ce ƙirjinsa ya cushe, iska yake so. Ya tsaya a matakala ya yi gyaran murya yadda aka saba, ta ba shi hanya. Washegari ya hau da kujera. Jibi da tebur da karta, gyaran murya kuma ya bi ruwa. Mazan maƙwabta suka hango shi, kowa ya ce ashe haka ake yi. Kafin ka ce me, duk sorayen unguwa sun cika da maza cikin singileti, ana busa taba, ana musun ƙwallon da aka buga shekara goma da suka wuce, ana jefa wa juna ashana ta kan katanga. Gidan gahawa ya tashi ɗungurungum ya koma sama. Mata suka kwashe shanyarsu suka sauka cikin duhu.

Kenza ta ce, "Si Allal, ka san abin da kuke yi kuwa? Soron nan ba naku ba ne."

Ya ce, "Gidana ne fa, 'yar mutane. Da sama da ƙasa na saya."

"Ubanka ma gidansa ne, ka taɓa ganin ya hau?"

"Ubana bai ga korona ba."

Da azahar ta zuba abinci za ta hau, sai Jawad ya tare matakala.

"Umma, don Allah ki tsaya. Tsofaffi cutar nan ta fi kamawa. Ni ke fita cefane, ke kike taɓa kayan. In kika kai mata ita fa? Kawo, zan ajiye a kan katanga in matsa, ba wanda zai kusanci wani."

Maganar ta shige ta, don ba ta son ta zama ajalin tsohuwa. Ga tukunya a wuta, ga wanki, ga maza ko'ina a sama. Ta miƙa masa kwanon. Haka aka ci gaba, shi ke kaiwa, shi ke ɗaukowa, shi ke wanke kwano da ruwan zafi da magani kafin ya bari ya shiga kicin. Kullum ta tambaya, "Ta ci?" ya ce, "Tas."

Wata Juma'a, an gama cin kuskus, ta gan shi ya sauko da kwanon zai kai famfo.

"Tsaya. Me ta sako yau?"

"Wa?"

"Lalla Tamu mana. Me ta sako a kwanon?"

Ya juya mata shi ta gani. "Ba komai. Ai kullum haka nake ɗaukowa, a lashe ƙal."

"Kullum?"

"Tun ranar da na fara kaiwa."

Kenza ta matso. Ta karɓi kwanon ta duba. Ba wanki ba ne wannan, lasa ce, ga ma gashin mage a gefe.

"Jawad, in ka kai me kake cewa?"

"In ƙwala mata kira mana, tunda ba ta ji sosai. In ce, Lalla Tamu, ga abincinki inji Umma."

"Da ƙarfi?"

"Eh."

"A gaban mazan unguwa?"

Ya gyaɗa kai. Har yanzu bai gane ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, yaro mai hankali, mai tausayi, ya yi karatu, amma bai san ya tsaya kan soro ya yi shelar cewa Lalla Tamu sadaka take ci ba. Tsohuwar da ba za ta leƙo ba matuƙar akwai inuwar namiji a waje. Kafin mazan su sauka magariba ta yi, maguna sun gama da kwanon. Kwana nawa ke nan? Kenza ta fara lissafi ta kasa ƙarasawa. Da a kan mazan kawai fushinta yake da sauƙi, amma rabinsa nata ne, ita da ta yarda da "tas" ba ta duba ba.

Ta ture shi ta hau matakala, ba ta ko tsaya sa takalmi ba.

A sama rana ta take. Si Allal na zaune da karta a hannu, yana wasa da Si Bushta mai gyaran agogo ta kan katangar yamma. Hagu da dama maza ne, wani na aski, wani ya baje ciki yana shan hantsin da ya wuce. Kenza ta tsaya a tsakiyar soronta ta ɗaga murya.

"Salamu alaikum, 'yan gahawa! An sha iska lafiya?"

Wasu suka amsa da dariya, suna zaton wasa ne.

"To ku ji. Ni Kenza, a soron nan na yi amarci, a nan na yi jego, a nan nake tsefe kaina duk Juma'a. Yau Juma'a. Wanda ke son ganin furfurar matar Si Allal, ya gyara zama."

Ta sa hannu ta fizge ɗankwalinta ta yar. Ta warware kitso, gashi ya zubo fari da baƙi har kafaɗa.

"Kenza!" inji Si Allal, karta ta watse a ƙasa. "Kin haukace ne? Rufe kanki!"

"A ɗakina nake. Wanda ya shigo ɗakin mata shi zai rufe idonsa. Si Bushta, ina ganinka! Uwarka ta yi shekara arba'in tana wanka da rana a wannan soron da ka shimfiɗa ƙafa. Da wani ƙato ya hau ya zauna mata, da me za ka yi masa?"

Wayyo, da kun ga gudu! Si Bushta ya kifar da shayi, ya rufe fuska da hannun riga, ya nufi ƙofa yana ta a'uziyya. Mai aski ya sauka da kumfa a rabin haɓa. Kujeru na karo da juna, silifa na zubewa, kowa ido a ƙasa kamar ya yar da kuɗi. Ba a jima ba sorayen suka koma wayam, sai hayaƙin taba da bai gama bajewa ba.

Ta jawo kujerar mijinta ta jingina da katangar Lalla Tamu ta taka.

Jawad da ya biyo ta sama ya ce, "Umma, doka ta hana shiga gidan wani! In kuma cutar ce ta kwantar da ita, kika shiga, ba za ki dawo cikinmu ba sai kin yi sati biyu."

Ta juyo ta dube shi daga kan kujera. "Sati biyu ba mai ce min ina shayi? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Je ka kira mai unguwa ya turo ma'aikaciyar jinya. Mace fa, na ce."

Ta ɗaga ƙafa ta haura, yadda ta saba tana yarinya, sai dai wannan karon gwiwa ta yi ƙara.

Ƙofar ba a kulle take ba. Lalla Tamu na kwance a shimfiɗa ta fuskanci alƙibla, ta yi lulluɓi tsaf, ta haɗa hannuwa a ƙirji kamar mai jiran baƙo. Ta rame har ƙasusuwan fuska sun fito, leɓe ya tsage. A gefenta kofin ruwa ne da ƙwallayen zaitun da aka tsotse, da ɗan guntun gurasa da ya bushe har haƙori ba ya kama shi. Kenza ta durƙusa ta kama hannunta. Da ɗumi. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata.

Tsohuwa ta buɗe ido a hankali. "Wace ce wannan ba ɗankwali?"

"Ni ce, Lalla. Ki yafe min."

"Ɗanki yana da murya, tubarkalla," inji ta, da ƙyar ake ji. "Duk Fas ta ji."

"Bai sani ba ne."

"Na san bai sani ba. Ke fa?"

Kenza ta tashi. Ta kunna risho ta dafa shayi da sauran sukarin da ta samu, ta riƙa ɗiga mata da cokali.

Ma'aikaciyar jinya ta zo da yamma cikin fararen kaya har ido, ta nan gidan Si Allal ta hau ita ma ta haura katanga tana ƙunƙuni. Ta duba, ta ce ba zazzaɓi, ba tari, yunwa ce da ƙishi, a ba ta abu mai ruwa kaɗan-kaɗan. Jawad ya ji daga matakala, ya ce to Alhamdu lillahi, Umma sai ki dawo.

Kenza ta ce, "Kai ka ce sati biyu. Ba na karya dokar likita."

Ta zauna abinta. Washegari mata suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, igiyoyi suka sake cika da shanya, aka miƙo mata allura da zare ta kan katanga, wata ta miƙo miya, kowacce da cewa a ɗanɗana mata. Kenza ta baje a rana tana ƙulla maɓalli, ba mai kiran ta. Ta ce wa kowa ta huta, kuma gaskiya ne. Amma in unguwa ta yi shiru takan ji ƙarar faɗuwar murfi daga kicin ɗinta, ta ji Si Allal na cewa, "A'a, albasa ake fara sawa," Jawad na cewa, "Waya ta ce tumatir," sai ta ga allurar ta tsaya a hannunta. Ta yi kewar minsharin nan da ke hana ta barci. Ta tsani kanta don ta yi kewar, amma ta yi.

Ana nan wata azahar, tana zaune bakin ƙofar Lalla Tamu, tsohuwa ta fara iya jingina da matashi, sai ta ji gyaran murya daga matakalar gidanta. Aka tafa hannu sau biyu.

"A ba da hanya."

Matan da ke kusa suka ja mayafi suna danne dariya. Kenza ta ci gaba da ɗinkinta. Aka sake tafawa.

"A ba da hanya, don Allah. Abin da zafi."

Ta bar shi ya ƙara jira kaɗan, sannan ta ce, "An ba ka. Ido a ƙasa."

Si Allal ya fito da kwano a hannu biyu, ya naɗe shi da tsumma, kansa a sunkuye yana kallon ƙafafunsa. Jallabiyarsa duk tabon mai, wuyan a buɗe, maɓalli ɗaya ya tsinke tun ba yau ba. Ya zo bakin katanga ya ajiye, ya juya baya. Ya yi ta motsa leɓe kamar mai tuno karatu. Can ya ce, a hankali, yadda ba mai ji sai su:

"Kenza, harshena ya mutu yau. Ko Lalla Tamu za ta ɗanɗana min gishiri?"

Kenza ta miƙe. Ta ɗauki kwanon ta shiga ɗaki. Miyar wake ce, ta kama a ƙasa, waken bai gama nuna ba. Lalla Tamu ta kai cokali ɗaya baki ta runtse ido.

"Innalillahi. Teku ya juye a ciki?" Ta sake kai wani. "Ki ce masa ya yi daidai, 'yata. Namiji ne, kada ya karaya."

Suka cinye tare. Kenza ta wanke kwanon ta fito. Yana nan inda ta bar shi, ya ba katanga baya, rana na dukan sanƙonsa.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce. "Gobe ka rage rabi, ka jiƙa waken tun dare."

"To. Yaushe za ki dawo?"

"Ranar da kujerar nan da teburin suka sauka ƙasa."

"Yau ma sai su sauka."

"To gobe ka sake tambaya ta."

Ta ɗora kwanon a kan katanga. Ya laluba ta baya ya ɗauka, ya duba ciki. Maɓallin siliki ne guda ɗaya, ruwan toka, daidai launin jallabiyarsa. Ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya sa shi a aljihu, ya rataya kujera a kafaɗa, ya sauka, ya jawo ƙofar soron ya rufe.